Direban da Ya Yi Musu da Romawa

A garinmu, idan mutum ya daɗe yana abu bai gama ba, sai a ce ya yi karatun Don Aniceto, Don ɗin nan kuwa a wurinmu kamar a ce Malam ne. Shi mai sunan ba ya jin haushi. Yakan gyara hularsa ya ce bai ga abin gaggawa ba, tunda jami'ar ba tashi za ta yi ta gudu ba.

Aniceto Bogado ya girmi Jami'ar Santa Librada da shekara ashirin da biyu. Yana tuƙa motar rake lokacin da Fada Fermín ya sauka a garin, wani dogon limamin Katolika daga Sifen, mai dogon hanci da gajeren haƙuri. Da ya ce jami'a zai kafa, a garin da ko titin kwalta ɗaya babu, mutane suka ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi. Wata mai hali da mijinta ya rasu ta ba shi tsohon ɗakin ajiyar auduga, aka raba shi uku da katako, aka kafa allo. Ɗalibai arba'in da ɗaya aka fara da su, duka maza, wasu na neman zama lauyoyi, wasu malaman makaranta. Shanun maƙwabta kan leƙo ta taga ana tsakiyar darasi. Har yau tsofaffin ɗaliban na cewa in suka ji ƙanshin auduga sai gabansu ya faɗi, su ji kamar ranar jarrabawa ce.

Fada ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura, ya rasa mai tuƙa ta, aka nuna masa Aniceto. Shekara uku suka yi suna zirga-zirga zuwa Asunción, babban birni, neman amincewar gwamnati, a kan jar hanyar da in ruwa ya sauka sai a kwana biyu a ciki. A nan Fada ya gano irin direban da Allah ya haɗa shi da shi. Aniceto bai taɓa jin magana ya bar ta ta wuce salin alin ba. Sun yi musu a kan hanya, sun yi a kan hadari, sun yi a kan yadda Annabi Nuhu ya hana damisa cin akuya a cikin jirgi. Wata rana motar ta kafe a laka, Fada na turawa da rigarsa ta limanci a naɗe har gwiwa, Aniceto ya leƙo daga gaban mota yana yi masa bayanin cewa ba haka ake turi ba.

Da suka fita, Fada ya zauna yana haki, ya dube shi ya ce, "Ɗana, wanda Allah ya ba baki irin naka, zunubi ne ya ƙarar da shi a kan sitiyari. Ka zo ka karanta shari'a, ka riƙa damun alƙalai, ni ka bar ni in huta."

Akwai ƙa'idar da Fada ya kafa tun farko, cewa duk ma'aikacin jami'a yana iya karatu kyauta. Babu wanda ya taɓa gwadawa. Aniceto a aji shida na firamare ya tsaya, don haka sai da ya koma ya yi sakandare a makarantar yamma, tare da masu gadi da teloli. A cikin shekarun ne ya auri Teodosia, mace mai ɗinki da ba ta yawan magana, amma in ta jefa ɗaya sai ta kwana uku tana yi wa mutum ƙaiƙayi. Suka haifi 'ya ɗaya, Zunilda. Ranar da ya shigo gida da katin ɗalibta na sashen shari'a, yana ɗan shekara talatin da biyu, Ña Teodosia, kamar yadda ake kiran matar cikin girmamawa, ta juya katin gaba da baya, ta ce hoton ya yi kyau, Allah ya sa su gane shi da shi ranar da zai gama.

A lokacin jami'ar ta fara yin jiki. An gina benaye biyu a bayan ɗakin audugar, an buɗe sashen noma da na jinya, an fara ɗaukar mata, sistocin coci suka zo suka buɗe musu ɗakin kwana mai doguwar katanga. An kuma sayi bas mai ɗauko ɗalibai daga ƙauyuka, aka damƙa ta a hannun Aniceto. Da wannan aiki, darasi ɗaya ko biyu kawai yake iya ɗauka a shekara. Littafinsa na zaune a gefen giyar mota, in ya tsaya jiran ɗalibai ya buɗe, in sun shigo ya miƙa wa na kujerar gaba ya ce yi mini tambaya. Haka nan 'yan ajinsa suka riƙa zuwa suna wucewa, kamar fasinjoji. Na farko suka zama alƙalai, na biyu suka zama 'yan majalisa, wasu suka dawo suna koyar da shi. Ɗalibai suka sa masa suna Kakan Aji. Sabon shiga duk wurinsa yake zuwa ya ji wane malami ne ba ya son a yi tari, wace sista ce ke ƙirga mintuna a ƙofa, wace bishiyar mangwaro ce inuwarta ta 'yan shari'a ce, wadda ɗan sashen noma ba ya zama a ƙarƙashinta sai da izini.

A hankali yana cin darussansa. Dokar aure, dokar filaye, dokar laifuka, duk ya haye, ko da ba da gudu ba. Darasi ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro, shari'ar Romawa, wanda ake yi tun shekarar farko, kuma ba a ba mutum takarda sai ya ci shi.

Mai koyar da shi Dakta Samaniego ne, siririn mutum mai farin kwat, wanda ko a tsakiyar Janairu, watan da zafi ya fi tsanani a ƙasarmu, ba a taɓa ganin gumi a goshinsa ba. Jarrabawar kuwa baki da baki ake yi. Malamai uku na zaune a bayan tebur, a gabansu akwai wata ƙwarya ta katako mai hannu, cike da 'yan ƙwallaye masu lamba. Ɗalibi zai juya hannun, wadda ta faɗo, babin da ke da lambarta shi zai yi bayani. Ɗaya faɗuwa ce, biyu an tsira, biyar ita ce ƙoli.

Karon farko, babin mallakar dabbobi ya faɗo wa Aniceto. Ya kuwa san shi. Ya faɗi yadda Romawa suka ce ƙudan zuman da suka tashi daga amyarka naka ne muddin idonka na ganinsu kuma kana iya binsu. Da a nan ya tsaya da an wuce wurin. Sai ya gyara tsayuwa ya ce shi dai yana da tambaya. Yana da kawu mai ido ɗaya, mai kiwon zuma. Ke nan rabin ƙudansa ne nasa?

Dakta Samaniego ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Bogado, abin da Romawa suka ce na tambaye ka."

"Na faɗa, ranka ya daɗe. Sai dai ba su yi tunani sosai ba."

"Shekara dubu biyu ana karanta su, babu wanda ya lura sai kai."

"To ai gara da aka samu wanda ya lura."

Aka ba shi ɗaya.

Bayan shekara biyu ya sake shiga, babin bayi ya faɗo. Ya karanto shi tiryan-tiryan, sannan ya ƙara da cewa duk wanda ya rubuta cewa mutum kaya ne bai san zafin haihuwa ba. Karo na uku maganar kogin da ya sauya hanya ya cinye gonar wani ce, sai ya ɗauko labarin gonar kakansa a bakin kogin Tebicuary, ya yi rabin sa'a bai kai ga Romawa ba. Sau shida ya tsaya a gaban ƙwaryar nan cikin shekara ashirin. Kowane karo yakan fito ya ce Samaniego ya tsane shi ne. Shi kuwa Samaniego, in an tambaye shi, yakan ce bai taɓa samun ɗalibin da ya san littafin kamar Bogado ba, kuma bai taɓa samun wanda ya ƙi yin shiru kamarsa ba. A gida kuwa Ña Teodosia ta saba. Ranar jarrabawa takan goge masa farar rigarsa, in ya dawo ta karɓa ta ninke ta ce ta ajiye, ai za a sake buƙatarta.

Ba za a ce bakin nasa bai taɓa yin rana ba. A shekarun da gwamnati ba ta son ganin ɗalibai uku a tsaye wuri ɗaya, an rufe jami'ar na zango guda, ana neman shugabannin ɗalibai biyu. Fada Fermín ya kwantar da su a bayan a-kori-kura, ya lulluɓe su da buhunan rogo da bencinan coci, ya ce Aniceto ya kai su bakin kogi su tsallaka su tsira. Da rana tsaka aka tsayar da shi a shinge, saje ya ce zai duba kaya. Aniceto ya sauko ya ce babu laifi, amma kafin nan bari ya faɗa masa abin da doka ta ce game da binciken kayan coci. Ya faɗi dokar, ya faɗi wadda ta gabace ta, sannan ya shiga nuna inda dukansu biyun suka yi kuskure. Rana na dukan saje, terere ɗinsa, shayin ganyen nan namu da ake sha da ruwan sanyi, na jiransa a inuwa. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce don girman Allah ya tafi. Da Fada ya ji labari sai ya ce yanzu ya gane hikimar Ubangiji, babu abin da ya halitta a banza. Aniceto bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba. Ya ce a ranar gwiwoyinsa rawa suke yi, kuma bai ga abin alfahari a rawar gwiwa ba.

Ana haka Zunilda ta girma. Ta gama makarantar sistoci, ta shiga sashen shari'a, ta riƙa hawa bas ɗin ubanta tana zama can baya don kada a ce. Shari'ar Romawa ta ci da biyar a karon farko. Ubanta ya yanka alade ya tara maƙwabta, ya yi ta murna, sai dai an lura ya fi kowa shiru wajen cin naman. Cikin shekara shida ta gama, ta tafi Sifen ƙaro karatu. Ña Teodosia ta ce ita dai ta ji ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a gidanta barewar ce ke rarrafe.

Fada Fermín bai ga ƙarshen karatun ba. Ya tsufa, ya sauka daga shugabanci, ya koma wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin sujada. Aniceto kan je kowace Lahadi su sha terere, su ɗora musunsu daga inda suka tsaya. A ziyara ta ƙarshe tsohon ya kama hannunsa ya ce in ya isa can lahira zai nemi Romawan ya isar musu da ƙorafinsa. Aka binne shi a harabar jami'ar. Shekara uku Aniceto bai ko dubi littafin ba.

Sai Dakta Samaniego ya yi ritaya, jami'a ta nemi wanda zai gaje shi. Wadda aka ɗauka ita ce Dakta Zunilda Bogado.

Ranar darasin farko, ajin ya cika har da waɗanda ba 'yan ajin ba. Don Aniceto ya shigo da furfurarsa, ya zauna a bencin gaba, ya ajiye makullin bas a kan tebur. Zunilda ta kira suna, da ta zo kansa ta ce Bogado, ya ce ga ni, Dakta. Ba a yi minti ashirin ba ya ɗaga hannu. Ta dube shi irin kallon da uwarta ke yi masa, ta ce a wannan aji ana tambaya ne a ƙarshe. Ya sauke hannun. Waɗanda suka san shi shekara da shekaru suka ce ba su taɓa ganin haka ba.

A gida ta ɗora masa horo. Kullum bayan cin abincin rana su zauna a ƙarƙashin inabin tsakar gida, ta ɗauko babi, ya yi bayani, da zarar ya ce "amma ni a ganina" sai ta ƙwanƙwasa cokali a kan tebur. Wani lokaci ya fusata ya ce shi fa ya haife ta. Ta ce, "Baba, ai ban musa ba. Ka faɗi nasu ka tsaya. In ka karɓi takardarka, ka kai su ƙara." Ña Teodosia na gefe da keken ɗinkinta, ta ce da ta san cokali na aiki haka da tuni ta huta.

Da jarrabawa ta matso sai aka tuna da wata ƙa'ida, cewa malami ba ya jarraba ɗan gidansu. Dole a samo wani. Shugabannin sashen suka duba, a duk lardin babu wanda ya san shari'ar Romawa in ba mutum ɗaya ba, wanda ke zaune a gonarsa, tafiyar sa'a biyu daga gari. Aka rubuta wa Dakta Samaniego, ya amsa cewa zai zo in an aiko mota. Direban jami'a kuwa ɗaya ne.

Don Aniceto ya tashi da sassafe cikin farar rigarsa ya tafi ɗauko shi. Ya tarar da mutumin ya rame, yana dogara sanda, farin kwat ɗin ya yi masa yawa. Ya kama shi ya hau da shi mota, ya gyara masa kujera. Suka kama hanya. Can sai tsohon ya nemi terere. Aniceto ya tsaya a gindin wata bishiya, ya zuba ruwan sanyi a ƙahon da ake shan terere a ciki, suka riƙa miƙa wa juna. Samaniego ya ce gonar tana da daɗi, sai dai shiru ya yi mata yawa, duk abin da ya faɗa kowa sai ya ce haka ne, Dakta. Ya ce ya sa amya biyu a bayan gida. Aniceto ya buɗe baki, ya tuna da cokali, ya rufe. Tsohon ya dube shi ta gefen ido.

A zauren jarrabawa ɗalibai sun cika tagogi. Zunilda na tsaye a waje, ta juya wa ƙofa baya. Aniceto ya juya ƙwaryar, lamba ta faɗo, aka duba, babin ikon uba a kan 'ya'yansa ne. Ya fara. Ya faɗi yadda a wurin Romawa uba ke da iko a kan ɗansa komai girman ɗan, ko da ya yi furfura, ko da ya zama alƙali, duk abin da ya mallaka na uban ne, sai ranar da uban ya sake shi ko ya mutu. Ya kawo hanyoyin sakin ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe ya tsaya, ya haɗa hannuwa a baya, ya datse leɓe har jijiyar wuyansa ta fito.

Samaniego ya jira. Shiru. Ya cire tabarau ya goge, ya sake jira.

"Shi ke nan, Bogado?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Ba ka da ra'ayi?"

"An hana ni."

"Na yi tafiyar sa'a biyu. Faɗi."

Don Aniceto ya waiwaya wajen ƙofa, ya rage murya ya ce, "Wanda ya rubuta babin nan bai haifi Zunilda ba."

Dariyar da aka yi a tagogi har sashen noma aka ji ta. Waɗanda ke kusa sun rantse sun ga kafaɗun Samaniego na motsi. Ya ba shi uku. A hanyar komawa gona, Aniceto ya yi sa'a biyu cur yana nuna masa dalilin da ya sa huɗu ta cancanta, tsohon na mayar masa da amsa, muryarsa na ƙara ƙarfi. Da suka isa tsohon ya ce masa ya riƙa leƙo shi.

Bayan shekara uku ya kammala sauran darussan. Ya karɓi takardarsa yana ɗan shekara sittin, shekara ashirin da takwas bayan ya fara. Alƙalai huɗu daga cikin tsofaffin 'yan ajinsa suka zo, bishop ya ce a wa'azinsa gemu ba ya hana ilimi. Ña Teodosia ta yi kuka, daga baya ta ce ƙura ce ta shiga mata ido.

Bai buɗe ofis ba. Litinin na yi ya koma kan bas ɗinsa. Shari'a ɗaya tak ya taɓa riƙewa. Jami'a ta gina sabuwar ƙofa mai gilashi, aka ce matan da ke sayar da chipa, gurasar nan ta rogo da cuku, su tashi daga bakinta don suna ɓata kyan wurin. Matan suka zo wurinsa, suka ce shi kaɗai ne lauyan da suka taɓa gani yana cin chipa a tsaye. Ya sa kwat, ya rubuta takarda shafi goma sha ɗaya, ya tsaya a gaban majalisar jami'a. Suka saurare shi da ladabi, suka gode masa, suka yanke cewa matan su koma can ƙasa, bayan filin ƙwallo, inda ko kare ba ya bi.

Ya dawo ya faɗa musu an kayar da shi. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Rana ta uku da safe ya taho da bas cike da ɗalibai, ya wuce sabuwar ƙofa bai tsaya ba, sai bayan filin ƙwallo, daidai kwandunan matan, ya ja birki. Da aka tambaye shi ya ce birkin ya tsufa, ba ya kamawa da wuri. Ɗalibai suka sauka da yunwar safe, kafin a jima kwanduna sun zama wayam. Kashegari ma haka. Mai kula da ma'aikata ya aiko masa da takardar gargaɗi, ya mayar da amsa mai shafi shida, ba a sake aiko wata ba. Kafin ƙarshen shekara ɗalibai sun fasa wata 'yar hanya ta gefen filin zuwa azuzuwa, jami'a ta gaji ta zuba mata siminti.

Ya yi ritaya bayan shekara biyu, da idonsa ya fara rauni. Yana nan da ransa a gidansu na bayan kasuwa, shi da Ña Teodosia da jikoki uku. An sauya bas sau biyu tun daga lokacin, an sauya direba sau uku, kuma kowanne a bayan filin ƙwallo yake sauke ɗalibai. Na yanzu, da aka tambaye shi dalili, ya ce shi haka ya tarar.